Me ya sa binciken noma yake ƙarewa a takarda, manomi bai gani a ƙasa ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya amma na bari sai na samu nutsuwa, don ba irin wadda ake amsawa da layi biyu ba ce. Ka ce ka gama digirin farko a fannin noma kana shirin ɗora na biyu amma jikinka ya yi sanyi, saboda kana gani shekara da shekaru ana ta bincike a ƙasashe masu tasowa, a buga rahoto, a yi taron bita, a ɗauki hoto a watse, shi kuma ƙaramin manomi yana nan inda aka bar shi. Shine kake tambaya wai manomin ne ke da taurin kai ba ya karɓar sabon abu, ko kuwa binciken ne ba shi da amfani tun asali, sannan in kai za ka yi naka ta ina za ka kama.

Toh ni dai a iya shekarun da na yi a wannan aiki ban taɓa haɗuwa da manomin da ya ƙi abu don taurin kai kawai ba. Duk lokacin da aka kai masa iri ko wata dabara ya gwada ya ajiye, akwai dalili, kuma yawanci dalilin mai ƙarfi ne, mu ne dai ba mu tsaya mun tambaya ba. Wannan ƙin karɓar da muke rubutawa a ƙarshen rahoto a matsayin matsala, shi kansa sakamako ne, daga nan ma ya kamata aikin ya soma.

Farkon fitata aiki mun taɓa raba wani irin dawa mai saurin nuna, gajere, wanda a gonar gwaji babu wanda ya kama ƙafarsa. Muka ba manoma, muka auna amfanin, lissafi ya yi kyau, muka rubuta. Da shekara ta zagayo na koma sai na tarar kusan babu wanda ya sake shuka shi. Na samu wani dattijo na ce Baba me ya faru da irin nan, bai ce min komai ba sai ya ce in biyo shi gona. Ya nuna min gefen da ya shuka bara ya ce, yaro, dawar nan taka ta nuna kowa nasa bai ko fitar da kai ba, tsuntsayen duniyar nan kaf a kanta suka sauka, jikokina tun asuba suna nan suna ihu suna kaɗa gwangwani har faɗuwar rana, sannan ta nuna ruwa bai ɗauke ba tsabar ta yi baƙi, sannan karan nan ɗan guntu da me zan ciyar da dabba in rani ya yi nisa. Abu uku ya lissafa min a tsaye, kuma babu ko ɗaya a cikin fom ɗin da muke cikewa, mu tsaba kawai muke ɗorawa a sikeli. Wallahi har yau in na tuna yaran nan da suka yi makonni suna korar tsuntsu saboda shawararmu sai in ji ba daɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba a kaina aka fara gano haka ba. Akwai wani masanin tattalin arziki David Norman da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1970. A lokacin shawarar da malaman gona ke bayarwa ita ce kowane amfani a shuka shi shi kaɗai a gonarsa, cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ana ganinsa rashin wayewa ne. Shi da abokan aikinsa sai suka shiga ƙauyuka suna rubuta awa nawa kowane gida ke yi a gona, mako bayan mako, me aka shuka, me aka girbe, nawa aka sayar. Da aka yi lissafi sai ga shi cakuɗawar ta fi kawo kuɗi a kan fili ɗaya, ta fi biyan wahalar da aka yi a lokacin da aiki ya fi matsewa, kuma ko shekara ta zo da gardama ba a tashi a tutar babu. Abin da ya fi yi wa manomin ƙaranci a wancan wuri ashe hannun aiki ne a makonnin noman firi da maimai, ba fili ba. Irin wannan aiki na cikin abin da ya sa duniyar bincike ta fara duba gona da gida da dabba da kasuwa a matsayin abu ɗaya. Shi ya sa in na ji an raba wai wannan binciken noma ne, wancan na tattalin arziki, wancan na zamantakewa, sai in ce a ofis ne aka raba su, manomi a kansa ɗaya yake ɗauke da su duka.

Ɗauki maganar taki. Kowa ya san takin zamani yana ƙara amfani, manomi ma ya sani, toh me ya hana shi sa wa? A gundumar Busia da ke yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun bi wannan tambaya na shekaru. Manoman suna cewa muna so, amma lokacin zuba taki ba mu da kuɗi. Sai masu binciken suka gwada wani abu mai sauƙi, da an gama girbi, lokacin da akwai ɗan kuɗi a hannu, a zo wa manomi har gida a ce ka biya kuɗin takinka yanzu a farashinsa na kasuwa, mu za mu kawo maka kyauta ba kuɗin dako. Masu sa taki suka ƙaru sosai, kuma ƙaruwar ta yi kusan daidai da abin da aka samu da aka zabtare rabin farashin a can gaba lokacin zubawa. Kaga kenan ba wayar da kai suke buƙata ba, watan da kuɗi ke shigowa da watan da ake buƙatar taki ne ba su haɗu ba, tsakaninsu kuma akwai rashin lafiya da kuɗin makaranta da ɗan'uwa da ya zo da buƙata. Duflo da Kremer, tare da Abhijit Banerjee, su ne suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin wannan salon gwaji.

A arewacin Gana kuma wasu masu bincike, cikinsu har da Dean Karlan da Robert Osei da Christopher Udry, sun raba manoma, wasu aka ba su tsabar kuɗi, wasu aka ba su inshorar da ke biya in ruwan sama ya yi ƙaranci ko ya yi yawa. Waɗanda suka samu inshora su ne suka fi faɗaɗa gona da kashe kuɗi a kanta, alhali ba a ba su jari ba, su suka nemo da kansu. Abin da ke riƙe su tsoro ne, kuma tsoro mai dalili, mutumin da in damina ɗaya ta lalace sai ya sayar da saniyar nomansa ba zai zuba duk abin da ya mallaka a ƙasa ba komai kyawun irin da ka kawo. Ba ina cewa inshora ta warware komai ba fa, a wurare da yawa in aka ce a saya da cikakken farashi mutane kaɗan ne ke saye, kuma yakan faru na'urar auna ruwa ta nuna an yi ruwa alhali gonarka da ke can nesa da ita ta ƙone, ba a biya ka ko sisi ba, daga ranar kuwa ka gama yarda.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shine na buhun PICS, wato buhun ajiyar wake da iska ba ta shiga cikinsa, don a cikinsa za ka ga yadda kimiyya da kasuwa da halin mutane suke haɗuwa. Matsalar sananniya ce, ka girbe wake ka ajiye, bayan 'yan watanni ka buɗe ka tarar ƙwari sun huda shi kamar rariya, dan haka ko dai ka sayar da kaka lokacin da farashi ke ƙasa warwas, ko ka zuba masa maganin ƙwari wanda in ba a yi hattara ba shi ke kwantar da masu ci a asibiti. Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa na Kamaru sun fara aiki a kan ajiyar wake a yankin Marwa tun ƙarshen shekarun 1980. Buhun hawa uku ne, leda mai kauri guda biyu a ciki, sai buhun saƙa a waje. Kafin ka zuba komai sai ka hura wa kowace leda iska ka matse ka ji ko tana fita, in akwai huji ko kamar na allura ne ba ta yi ba. Ka zuba busasshen wake, ka danne iskar da ta rage, ka murɗe bakin leda ta farko ka lanƙwasa ka ɗaure tam, ka yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan ka ɗaure buhun waje, ka ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Shikenan, babu magani ko ɗigo. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shaƙe iskar da ta rage, in ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu.

Amma ka lura, dabarar tana nan kusan shekara 20 kafin ta bazu. Sai a 2007 da gidauniyar Gates ta sa kuɗi aka yi abu biyu da ba na ɗakin gwaji ba. Na farko aka shiga dubban ƙauyuka a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, a tara jama'a, mutanen garin su kawo nasu waken, a zuba a ɗaure a gaban kowa, a bar shi a hannunsu na watanni, sannan a sa rana a sake taruwa a kwance. Mutum ya zura hannu ya ɗebo ya ga waken sumul kamar ranar da aka zuba, gani ya kori ji. Na biyu aka ba kamfanonin leda na ƙasashen lasisi su riƙa yi, aka nemo dillalai da 'yan kasuwa da za su kai shi kasuwannin ƙauye su ma su ci riba. Don in manomi ya ga abu ya yarda, ya je nema bai samu ba sai ya hau mota zuwa birni, magana ta mutu a nan. Mu masu bincike wannan ɓangaren ne muke rainawa, muna ganin ai wannan aikin 'yan kasuwa ne ba na mai digiri ba, alhali a nan ne mafi yawan kyawawan dabaru suke mutuwa.

Sai kuma doka da ikon mallaka, wanda mai auna ƙasa da tsirrai ba ya gani sam. A Nijar bayan farin da aka yi a shekarun 1970 an kashe maƙudan kuɗi ana dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu, rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a yankin Maraɗi yana cikin masu wannan dashe, a 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawar banza ce, ya duba ganyen da kyau ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen da saiwar suna nan da rai a ƙasa, duk shekara su tofo, duk shekara a sassabe a ƙone. Dabarar ba ta wuce ka zaɓi rassa mafi ƙarfi guda kaɗan a kan kututturen ka bar su, ka datse sauran, ka riƙa yi musu aski suna miƙewa ba. Tunda saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, cikin 'yan shekaru ya zama itace. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani. Toh me ya hana mutane yin haka tun da, alhali wasunsu sun san dabarar? Babban dalili shine a dokar da aka gada daga Faransa itace na gwamnati ne, ka rene shi a gonarka ka sari reshe malamin daji ya ci ka tara, dan haka gara ka kashe shi tun yana ƙarami ka huta. Sai da manomi ya samu tabbacin itacen da ya rena nasa ne, aka sassauta a aikace, daga baya dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara ƙarfafa haƙƙinsa, sannan abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna fili kimanin hekta miliyan 5 da ya sake samun itatuwa, ana ƙiyasta itace miliyan 200, da yawansu gawo ne, wanda yake zubar da ganye da damina ya ba shuka taki bai tare mata rana ba. Rinaudo da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ramukan zai, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki, sun samu kyautar Right Livelihood a 2018. Ka duba fa, Sawadogo bai yi karatun boko ba, amma a lokacin rayuwarsa gwaji yake yi a gonarsa shekara bayan shekara, ya faɗaɗa rami, ya zuba takin gargajiya tun rani, ya duba abin da ya fito, in wannan ba bincike ba ne toh menene.

Haka nan cikin gida ma akwai wanda ke da iko da wanda ba shi da shi. A Gambiya an buɗe aikin noman shinkafa na ban ruwa na Jahaly-Pacharr a 1984, a yankin da tun asali shinkafa noman mata ne. An yi niyyar matan su amfana, amma da fadamun suka zama filin famfo mai daraja sai iko da amfanin ya koma hannun magidanta, aikin dashe da cire ciyawa kuma ya rage a kan mata har ya ƙaru saboda ana noma sau biyu a shekara. Wasu matan suka ce sai an biya su, wasu suka janye suka koma wani abin. Injiniyoyin ba su yi kuskuren lissafin ruwa ba, tambayar da ba a yi da kyau ba ita ce wa zai yi aikin kuma wa zai riƙe buhun. In kana bincike ka zauna da maigida kaɗai ka cike fom ka tashi, rabin labarin ka ji.

Yanzu bari in taɓo fasaha, don na san yawancin matasa can hankalinsu yake, kowa so yake ya yi manhajar da za ta ceci manomi. Waya ta yi aiki, wannan babu musu. Robert Jensen ya bi masunta a jihar Kerala ta Indiya daga 1997 zuwa 2001 lokacin da sabis ke shiga gaɓar teku gari bayan gari. Kafin waya, mai jirgi ya kamo kifi ya nufi kasuwar da ya saba, in ya tarar ta cika sai ya zubar, alhali wata kasuwa a can gaba kaɗan babu kifi. Da waya ta zo tun yana kan ruwa yake kira ya ji inda ake nema. Kifin da ake zubarwa, wanda yake kai kashi 5 zuwa 8 cikin 100, kusan ya ƙare gaba ɗaya, ribar masunta ta ƙaru da kimanin kashi 8, farashi ga mai saye ya sauka da kimanin kashi 4. Jenny Aker ma ta samu a Nijar tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 bayan shigar waya. Amma da aka gwada tura wa manoma farashi da hasashen yanayi ta saƙon tes a jihar Maharashtra ta Indiya, kuɗin da suke samu a kan amfaninsu bai wani canza ba. Bambancin a bayyane yake, masuncin yana cikin jirgi da inji, yana jin farashi zai iya juya akala. Manomin da hanya ɗaya ce ke zuwa garinsu, dillali ɗaya ke zuwa da mota, kuma wataƙila ya riga ya ci bashin dillalin, ka gaya masa farashin birni me zai yi da shi banda ɓacin rai. Dan haka kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja ka tambayi kanka, in mutumin ya samu labarin nan yana da halin yin wani abu da shi? Akwai ma wani famfo da aka yi ta yayatawa wajen 2006, PlayPump, lilo ne da yara ke juyawa yana jawo ruwa, a hoto abin sha'awa, manyan masu ba da tallafi suka zuba kuɗi, a ƙarshe a wasu garuruwan Mozambik mata ne har da tsofaffi ke tura lilon da ƙyar, ga shi an cire musu famfon hannu da suka iya gyarawa.

Kada ka ɗauka ina rage darajar ɗakin gwaji fa. Akwai abin da manomi ba zai iya yi wa kansa ba komai basirarsa. Masu bincike a cibiyar shinkafa ta IRRI a Filifin da Jami'ar Kaliforniya sun gano ƙwayar halittar da ke sa shinkafa ta jure nutsewa a ruwa har kusan mako biyu, suka kira ta SUB1, kuma daga wani tsohon irin manoman jihar Odisha ta Indiya ta fito. Hikimar da suka yi ita ce ba su kawo wa mutane baƙon iri ba, sai suka sa ta a cikin Swarna, irin da miliyoyin manoma suka riga suka sani suke so, ɗanɗanonsa da tsayinsa da lokacin nunarsa duk suna nan yadda suke, aka fitar da shi a Indiya a 2009. Da aka bi sawu a Odisha sai aka ga waɗanda suka fi amfana su ne mafi talauci, saboda su ne gonakinsu ke kwari inda ruwa ke kwanciya, kuma da tsoron ambaliya ya ragu sai manoma suka ƙara sa taki da kula da gona da kansu. Wannan kimiyya ce mai zurfi, amma tambayar daga gonar talaka aka ɗauko ta.

Ɗaya gefen maganar da dole in faɗa maka shine kuɗi da lokaci, don ba duk laifin na masu bincike ba ne. Fitar da sabon iri ɗaya yakan ci shekara 8 zuwa 10 ko fiye, tallafin ƙasashen waje kuma yawanci na shekara 3 zuwa 5 ne, yana ƙarewa mota ta tsaya, ma'aikata su watse, mai ba da kuɗi na gaba ya zo da nasa sabon taken. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 za su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kasafi ga noma, suka sabunta a Malabo a 2014, ƙasashe ƙalilan ne suka cika. Akwai kuma burin a kashe aƙalla kashi 1 cikin 100 na abin da noma ke samarwa a kan bincikensa, a dunƙule ƙasashen kudu da Sahara ko rabin haka da ƙyar suke kaiwa, kuma abin da aka bayar albashi ne ke cinye mafi yawa, sai ka ga farfesa da iliminsa babu man da zai kai shi gona. Barazil ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973, ta tura ɗaruruwan matasa karatu, ta riƙe su da aiki shekara da shekaru, har suka yi amfani da farar ƙasa suka gyara ƙasa mai tsami ta yankin Cerrado, suka samar da waken suya da ke yi a ƙasa mai zafi. Za a iya muhawara a kan dajin da aka share da kuma cewa manyan manoma ne suka fi cin moriya, muhawara ce mai tushe, amma dai ya nuna abin da ke faruwa in ƙasa ta riƙe bincikenta da kuɗinta na tsawon lokaci.

Toh kai da za ka fara, shawarata kada ka zauna a ɗaki ka rubuta tambayoyi 80 ka fita da su. Ka fara zuwa hannu sake ka zauna da mutane, maza daban mata daban, ku zana shekara tare, wane wata kuɗi ke shigowa, wane wata rumbu ke ƙarewa, wane mako ne ko kuɗi gare ka ba ka samun ɗan ƙodago, daga nan tambayar bincikenka za ta fito da kanta. In ka zo aunawa kada ka dogara da abin da aka faɗa maka da baki a kan girman gona, ka zagaye ta da GPS, an sha gwadawa an ga masu ƙananan gonaki suna ƙara girmansu a lissafi, masu manya suna ragewa, ba ƙarya suke yi ba, ƙiyasi ne kawai, amma ya isa ya birkita maka lissafin abin da hekta ke bayarwa. Ka tabbata kana da waɗanda za ka kwatanta da su, don in ka ba manoman da suka fi kowa ƙwazo iri suka samu amfani mai yawa, ba ka sani ba irin ne ko ƙwazon. Kuma dan Allah wanda ka ba iri da taki kyauta ya shuka kada ka rubuta wai ya karɓi fasaha, kyauta ya karɓa, sai ranar da ya ciro kuɗinsa ya saya za ka iya faɗin haka. In ka gama ka koma garin ka gaya musu abin da ka samu da harshensu, mutanen nan sun ba ka lokacinsu a tsakiyar damina, kuma sau da yawa a wannan zaman ne wani zai ɗaga hannu ya gyara maka kuskuren da babu wanda zai gano a jami'a.

In kuma har yanzu ba ka da maudu'i, ga wanda ba ya cin kuɗi sosai kuma mutane kaɗan ne ke yi. Nemi wani shiri da aka kammala shekara 3 zuwa 5 da suka wuce, ko na iri ne ko na injin ban ruwa mai sola ko na manhaja, ka samo sunayen waɗanda aka ce sun amfana, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙirga nawa ne har yanzu suke amfani da abin, nawa suka canza shi ya dace da su, nawa suka ajiye, maƙwabta nawa suka kwaikwaya ba wanda ya ba su komai. Waɗanda suka ajiye ɗin ka fi daɗewa a wurinsu, kuma in mutum ya ce biyo ni gona in nuna maka, ka rufe littafin ka bi shi.